Motar da Na Saya da Kuɗin Auta

A shekarar 2012 duk mai ɗan abin hannu a Umdurman neman inda zai ɓoye kuɗinsa yake yi. Sudan ta Kudu ta ɓalle a watan Yulin 2011, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur ɗin ƙasar, fam ɗin Sudan kuma ya kama gangara. Kafin watan Yunin 2012 gwamnati na canza dala ɗaya a kan fam 2.7, a watan ne ta mayar da ita 4.4, kasuwar bayan fage kuwa ta riga ta wuce nan da nisa. A layinmu na 'yan yadi da mayafai cikin Kasuwar Umdurman, sai ka sayar da kaya da riba, ka je sari wata mai zuwa ka tarar uwa da ribar ba su isa su dawo maka da abin da ka fitar ba. Manya suka koma sayen filaye da zinariya da dala. Masu ƙaramin ƙarfi irinmu muka koma mota, domin mota mai farin jini farashinta dala yake bi, kuma ran da ka matsu kana iya mayar da ita kuɗi kafin la'asar.

A wannan shekarar muka sayar da gonar mahaifinmu ta Mai Wurno, garin da ke bakin Shuɗin Nilu, inda kakanninmu suka yada zango tare da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. Aka raba gado yadda shari'a ta ce. Autarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ƙananan yara, ta ɗauko kasonta a ƙulle ta ajiye a gabana. Ta ce, "Yaya, ni ban iya juya kuɗi ba. Ka riƙe mini kada su narke, har Allah ya sa yaran nan su tasa." Ko takarda ba ta nema ba.

Na haɗa nata da nawa, na ɗauki Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, wanda ya tsufa yana kanikanci a unguwar gareji ta Umdurman da ake kira Mantiga Sina'iyya. Muka haye gadar Shambat zuwa Kirin na Bahri, matattarar dillalan mota. Shawarar da muka fito da ita daga gida ɗaya ce: a sayi abin da zai riƙe kuɗi.

Motoci uku kuɗinmu suka kai. Duka ukun na Japan ne, duka sun ba shekara goma sha biyar baya, duka kuma sitiyarinsu a hagu yake, domin Sudan a hannun dama ake tuƙi kamar Najeriya, shi ya sa motocinmu ta ƙasashen Larabawa da Amurka suke biyowa, su sauka a Fot Sudan ko Sawakin, galibi a hannun 'yan ci-rani masu dawowa gida.

Ta farko Toyota Cressida ce fara, ƙirar ƙarshe, wadda aka fara yi a 1988. A Japan Mark II ake ce mata. Amurka ta daina karɓarta a 1992, amma an ci gaba da kai ta ƙasashen Larabawa wasu shekaru bayan nan, har ta zama motar gidan kowa a Saudiyya, daga can ta cika Sudan. Wannan ɗin injin 22R ne a cikinta, silinda huɗu, lita 2.4, mai kafireta, ƙarfinsa doki ɗari da 'yan kai. Kujerunta na yadi ne, sun ɗan koɗe.

Ta biyu Lexus LS400, wadda Toyota ta fitar a 1989 don ta kara da Marsandi da BMW a kasuwar Amurka. Silinda takwas, lita huɗu, doki 250. In an tayar da ita sai ka duba allo kafin ka tabbatar injin na aiki. Ta uku kuwa Infiniti Q45, amsar da Nissan ta bayar a shekarar nan dai ta 1989: silinda takwas, lita huɗu da rabi, doki 278. Baƙa ce wuluk, ƙirar 1992, gabanta a shafe babu ragar nan ta hanci, sai wani tambari mai zane a tsakiya. Wani ɗan ci-rani ne ya shigo da ita daga Sharja, can ma daga Amurka ta je. Lokacin da suke sababbi, ita da Lexus kusan kuɗinsu ɗaya, wajen dala 38,000, Cressida kuwa ba ta kama ƙafarsu ba.

Amma a filin Kirin lissafin ya juye. Cressida da Lexus kusan kai ɗaya ake kiran kuɗinsu, Infiniti kuma tana ƙasa da su sosai, dillalin ma tun kafin mu taya ya fara ragi.

Muka ɗana su a hanyar Jaili, wadda ke miƙewa arewa zuwa Shandi da Atbara. Cressida ta yi tafiyarta ta kullum, ba ta sauri ba ta nawa, in ka kunna na'urar sanyi sai ka ji ƙarfinta ya ragu. Lexus ta tafi lub-lub, babu ƙara babu girgiza. Infiniti kuwa da na taka ta sai da bayana ya manne da kujera. Ta fi Lexus zafin tashi, ta fi ta kama kwana, sitiyarinta na amsa hannu nan take. Ba zan rage mata komai ba ko yau: a cikin ukun nan, in gudu da daɗin tuƙi ake magana, ita ce gaba, kuma tazarar ba kaɗan ba ce.

Da muka dawo Kawu ya ce a buɗe masa gaban Cressida. Ya zura hannu har gwiwa ta gefen injin, ya taɓa fulogi, ya taɓa famfon ruwa, ya nuna mini ƙasa ta tsakanin ƙarafa. Ya ce, "Ka ga wannan? Injin da ke cikin Hilux ne. Daga nan har Niyala babu garin da za ta tsaya maka a rasa yaron da zai tashe ta da sifana biyu." Sannan aka buɗe Infiniti. Injin ya cika ramin taf, babu inda yatsa zai shiga, bututan iska takwas sun kwanta a samansa kamar ƙafafun gizo-gizo. Kawu ya daɗe yana kallo bai taɓa komai ba. Ya ce, "Ɗana, nozul ɗinta duk suna ƙarƙashin wannan abin. Kafin ka ga guda ɗaya sai ka sauke rabin injin. Kuma kafin ka biya, zo mu zaga shagunan kayan gyara, ka tambayi famfon ruwanta. In mutum uku sun ce akwai, saya." Ya ƙara da cewa in dai ƙarfin nake so, to ga Lexus nan, ita aƙalla 'yan'uwanta sun cika Jidda.

Ban je shagunan ba. Na ce masa kasuwarmu ce ba ta san mota ba, mutane sun saba da Toyota ne kawai, duk abin da ba ita ba sai su yi masa kuɗin goro. Na ce wannan arahar dama ce, zan ɗan gyara ta, in jira wanda ya san darajarta, mu ci riba ni da Auta. Na kawo masa adadin dawakai da girman inji da kuɗinta na asali, duk abin da na karanto a mujallun mota na Dubai. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Mai mujallar nan zai zo ya saya?" Na yi shiru, na biya la'ada, aka rubuta takarda.

Kuskurena na fili shi ne na ɗauki farashi a matsayin jahilcin masu saye, alhali shi ne tarin abin da suka sani. Kuɗin da ake kira wa tsohuwar mota a Kirin ya ƙunshi yawan shagunan da ke ajiye kayanta, da yawan kanikawan da suka taɓa kwance irinta, da galan nawa take sha, da mutum nawa za su tsaya in ka kafa mata alamar sayarwa. Hukuncin Infiniti ma tun tana jaririya aka yanke shi. A Amurka Nissan ta buɗe tallarta da hotunan duwatsu da bishiyoyi ba tare da nuna motar ba, Lexus kuwa ta shigo da ƙarfi, har a ƙarshen 1989 da aka sami 'yar matsala kamfanin ya kira motocin da ya sayar kusan 8,000 ya gyara su kyauta, abin da ya ƙara mata suna. Lexus ta yi ta sayuwa, Infiniti ta biyo ta daga nesa. Motar da aka sayar da yawa, bayan shekara ashirin gawarwakinta ne ke cika wuraren da ake farfasa motoci, su zama rumbun kayan gyara ga waɗanda suka rage a hanya. Wadda ba a saya da yawa ba, ranar da ta tsufa marainiya ce.

Akwai kuma kuskuren ɓoye, wanda ya fi wancan muni. Ina son a gan ni cikin motar nan. Ina son in faka ta a bakin kasuwa 'yan layinmu su leƙo. Da kuɗina ne kaɗai, da wannan tsakanina ne da aljihuna. Amma sai na lulluɓe sha'awata da sunan jari, na sa dukiyar marayu a ciki. Da na koma gida na ce wa Auta, "Na sa kuɗin a mota." Ban ce wace iri ba, ita kuma ba ta tambaya ba, sai addu'a da ta yi mini.

Umdurman ba ta ɓata lokaci ba wajen nuna mini abin da Kawu ya gani. Motar a ƙasa take, an yi ta ne don shimfiɗaɗɗiyar kwalta, lungunan Umbadda da Sawra kuwa rairayi ne da rani, taɓo da damina, ga tudun rage gudu ko'ina. Cikinta ya yi ta gurzar ƙasa. In guguwar habub ta taso ta rufe gari, ƙura sai ta toshe lagireto, washegari kana cikin cunkoson gadar Farin Nilu, zafi ya haura digiri 40, allurar zafin inji ta fara hawa. An ƙera injin don fetur mai daraja ta sama, a gidajen man da nake sha kuwa iri ɗaya ne kowa ke sha. Nozul suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane sai an sauke bututan nan kamar yadda aka faɗa mini.

Babbar cutar ta zo da wata ƙara da safe, kar-kar-kar na 'yan daƙiƙu in an tayar da ita a sanyi. Ashe ƙirar farko ta wannan mota, daga 1990 zuwa 1993, madogaran sarƙar injinta na roba ne, in sun tsufa sai su bushe su farfashe. Kawu ya kwance kaskon baƙin mai, ya kira ni. A ƙasan kaskon ga gutsattsarin roba masu launin ƙasa-ƙasa, wasu kamar farce, wasu sun maƙale a ragar da ke tsotso mai. Ya tsince su ɗaya-ɗaya ya jera a kan tsumma, ya ce in sarƙar ta tsallake haƙori, fistin zai daki bawul, injin ya tashi aiki. Bai ce mini ai na faɗa maka ba, har yau kuwa bai taɓa faɗa ba.

Sai neman kaya. Babu a Umdurman, babu a unguwar gareji ta Khartum, babu a Bahri. Wanda muka aika wa a Sharja ya zaga ya ce sai dai a yi oda daga Amurka, ga shi tun 1997 takunkumin Amurka ya sa ba a iya tura kuɗi kai tsaye ta banki daga Sudan. Dole sai ta hannun wani a Dubai, kowane hannu kuma da nasa kason, da dala ake biya, dalar kuma kullum tashi take. Motar ta yi watanni a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar garejin Kawu, tayoyi suka sace. Rarar kuɗin da na yi murnar samu ranar ciniki, a nan ta ƙare, ta jawo wasu daga shago.

Tana tashi kuma sai ga Satumbar 2013. Gwamnati ta janye tallafin mai, galan ɗin fetur ya tashi daga fam 12.5 zuwa kusan 21, mutane suka fito zanga-zanga, aka kashe da yawa. Daga ranar duk mota mai silinda takwas ta rasa masoya. Masu ɗan hali suka koma ƙananan Hyundai irin waɗanda a lokacin ake haɗawa a masana'antar Giyad, kudu da Khartum. Na kai ta Kirin, dillalai suka yaba fenti da kujerun fata, babu wanda ya taya.

Lexus ɗin da na bari, wani maƙwabcin shagonmu ne ya saye ta, don haka na ga rayuwarta a kusa. Ita ma ba lafiyayya ba ce. Famfon sitiyarinta ya yi yoyo ya zuba a kan dainamo ya ƙona shi, ciwon da duk mai irinta ya sani, ga bel ɗin inji da ba a wasa da lokacin canza shi, ga shan mai. Bambancin shi ne duk abin da ta nema, waya ɗaya ake bugawa Jidda, a ciro shi a mafasar motoci ta Bariman, ya biyo jirgin ruwan Sawakin cikin kayan wani fasinja. Da ya tashi sayarwa ya ɗan jira, ya ɗan rage, amma ya sayar. Cressida kuwa ko kwana ba ta yi a fili. A abin da idona ya gani a shekarun nan, ita ce kan gaba wajen riƙe kuɗi, Crown ta Toyota na bin ta, sai Lexus, sannan Laurel da Cedric na Nissan da Mazda 929, Honda Legend mai ja da ƙafar gaba tana can baya, tawa kuma ba ta cikin layin ma. In ka jera su ta ƙarfin inji, kusan sai ka kifa jerin. Mai karatu a Kano kada ya ɗauki wannan jerin ya tafi da shi kasuwa, domin na Umdurman ne. A can Honda na da farin jinin da ba ta da shi a nan, saboda kasuwar Ƙofar Ruwa cike take da kayanta, kamar yadda Fijo 504 ta yi zamaninta albarkacin masana'antar Kaduna.

A 2014 Auta ta zo shago da kanta. Ta ce an yi mata tayin ɗan fili a Darussalam, yammacin Umdurman, tana so ta kafa ko ɗaki biyu ne ta huta da haya. Na ce, "Auta, kuɗin suna cikin kaya, ki bari kasuwa ta buɗe." Babu kalmar ƙarya a ciki, amma na faɗe ta ne don kada ta gane. Ta ce, "To Yaya, Allah ya buɗa," ta tafi. Duk cikin labarin nan babu ranar da ta fi wannan yi mini nauyi. Sayen motar rashin tunani ne na yini ɗaya. Wannan kuwa na san gaskiya sarai na rufe ta, kuma na ci gaba da rufewa shekara huɗu.

Na rabu da motar a ƙarshen 2018, lokacin layin mai da layin burodi da layin banki, lokacin da takardar kuɗi ta yi wuya har kowace mota ta zama da farashi biyu, na kuɗi hannu da na ceki. Wani mai gareji ya saye ta don ya cire injin ya dasa wani. Abin da ya ba ni, in a fam ake ƙirgawa, ya fi abin da na biya a 2012. A nan Shaiɗan ya sake zuwa mini: in kai wa Auta kasonta har da ɗori, in ce ga riba. Lissafin zai yi daidai a takarda, ita kuma ba za ta bincika ba. Amma a watan Oktoban shekarar gwamnati da kanta ta kai dala fam 47.5. Kuɗin da za su sayi fili a 2012, yanzu ko tubalin katangarsa ba za su saya ba.

Na gaya wa Kawu abin da nake shirin yi. Ya ajiye sifanar hannunsa ya ce, "Ita cewa ta yi ka ƙirga mata takardu, ko cewa ta yi kada su narke?" Washegari ya sa ni gaba muka koma Kirin, muka tambayi dillalai daban-daban nawa Cressida irin waccan take a ranar. Ya fitar da kason Auta daga wannan farashin, ya mayar da shi giram na zinariya bisa kuɗin ranar a layin maƙera na kasuwarmu. Ya ce wannan ne bashin da ke kaina.

A ɗakin mahaifiyarmu na faɗa mata komai, har maganar 2014. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Yaya, asara ai ta Allah ce, da ka faɗa mini tun ranar da na zo shago da na haƙura na nemi wata hanya. Abin da ya dame ni, na yi ta zuwa ina gaishe ka kana kallona." Inna ta ce mata ta yafe mini bashin, Auta ta buɗe baki za ta amsa, Kawu ya hana. Ya ce haƙƙin marayu ne, uwarsu ma ba ta da ikon yafe shi.

Na biya kaɗan-kaɗan, da zinariya, kuma dabarar Kawu ce ta sa biyan ya zama biya. A watan Fabrairun 2021 aka karya fam daga 55 zuwa 375 a dala ɗaya, a watan Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Da a fam muka yanke, da na sake cinye ta a karo na biyu ba tare da na taɓa ko sisi ba. Na gama a 2022.

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Aka wawushe Kasuwar Umdurman, wani sashe ya ƙone, aka kwashe motocin mutane daga gidaje da gareji ba a tambayar ƙira ko inji, gadar Shambat da muka haye ranar ciniki ta karye a watan Nuwamba. A Gadarif, inda muka yi gudun hijira, wani abokina ya ce in daina damun kaina, ai ko Cressidar na saya da yanzu tana hannun 'yan bindiga. Na san don ya sanyaya mini rai ya faɗa, amma ban karɓa ba. Da Cressida na saya, da ranar da Auta ta zo shago a 2014 na kai ta Kirin na dawo mata da kuɗi a yinin, da ta yi shekara tara a ɗakinta kafin harsashi na farko ya tashi. Zinariyar da na biya ta ita ta fitar da ita da yaran daga Umdurman, ita ta kama musu haya a Gadarif. Kuɗin hayar da ta yi ta biya daga 2014 zuwa 2023 kuwa ba ya cikin lissafin da Kawu ya yi, ita ba ta taɓa tayar da maganarsa ba, ni kuma ban biya shi ba tukuna.